Yaƙin Kan Tebur da Masu Rubuta Dokokinsa

Sau ɗaya a kowace shekara, wani ƙaton zaure da ke gabashin birnin Landan yakan cika maƙil da dubban mutane, galibinsu magidanta, har da masu furfura. Abin da ya tara su kuwa shi ne 'yan sojoji na dalma da na roba, waɗanda tsawon kowannensu bai wuce gaɓar yatsa ba. Sunan taron Salute, kuma wata ƙungiya ta kudancin Landan ce take shirya shi tun 1972. A Amurka ma akwai irinsa, watau Historicon, wanda aka fara a 1984. In mutum ya shiga, zai tarar da tebura jere, an shimfiɗa musu koren ƙyalle, an yi tuddai da koguna da ƙauyuka, an jera rundunoni da aka shafe watanni ana yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Masu wasa na tsaye kewaye, kowa da tef irin na tela a hannunsa yana auna tazarar da dokinsa zai iya tafiya, sa'an nan a jefa 'ya'yan ludo a ga wanda harbi ya sama. A gefe ga 'yan kasuwa da rumfunansu. Da yawa daga cikin teburan an shirya su ne domin baƙo, duk wanda ya zo wucewa sai a ba shi kujera da runduna, a koya masa dokoki nan take.

Mun san abin da mai karatu zai fara cewa: rashin aikin yi ne, ƙato da gemu yana wasan 'yar tsana. Mu ma da haka muka fara. Amma da muka bi asalin abin sai dariyarmu ta ragu.

A shekarar 1824 wani hafsan sojan Prusiya, ta ƙasar Jamus, mai suna Reisswitz, ya fito da dokokin wani wasa da ya gada daga mahaifinsa ya kuma gyara shi. Ana yinsa a kan taswira ta gaskiya, da 'yan guntayen dalma, ja da shuɗi, a madadin rundunoni. Akwai alƙali a tsakani, shi kaɗai ya san inda kowa yake, kowane ɓangare kuwa sai abin da 'yan leƙen asirinsa suka hango za a nuna masa. Shugaban hafsoshin ƙasar ya gani, ya ba da shawara a rarraba wa rundunoni. Da Prusiya ta ragargaza Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo. Wanda ya mai da shi abin shaƙatawar farar hula shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913, inda ake harbin 'yan sojojin dalma da wata 'yar igwa mai sifirin. Abin mamaki, Wells mutum ne mai ƙyamar yaƙi, hujjarsa ita ce duk wanda ya ga irin ruɗanin da ke cikin ƙaramin yaƙi na wasa zai gane wautar da ke cikin babba. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ba wanda ya saurare shi. Daga baya Donald Featherstone ya shirya taron farko na masu wannan sha'awa a Ingila, a garin Southampton, cikin 1961, daga nan kuma abin ya yi ta yaɗo.

To, mene ne amfaninsa ga ɗalibi? A ajin tarihi mukan haddace cewa wane ya ci wane a shekara kaza, kamar dai tun fil azal ba wata hanya sai wannan. Wanda aka zaunar a bakin tebur aka danƙa masa runduna ba shi da wannan jin daɗi. Dole ya yanke shawara bai san abin da ke bayan tudu ba, ya aika umarni ya makara, ya ga dakarun da ya dogara da su sun watse saboda jifa ɗaya ta ɗan ludo. A nan ne zai fahimci cewa mutanen da muke yi wa hukunci daga kujerunmu cikin duhu suka yi zaɓinsu. Ga masu shirin shiga aikin gwamnati ma, ba ƙaramin horo ba ne mutum ya saba da ɗaukar mataki da guntun labari, ya kuma karɓi sakamakonsa a gaban jama'a ba tare da ya kifar da tebur ba. (Game da 'ya'yan ludo, kada hankalin kowa ya tashi: ba a zuba kuɗi, aikinsu kawai su tsaya a madadin abin da shugaba ba shi da iko a kansa, kamar ruwan sama ko tsoro.)

Amma akwai wani gefe na waɗannan zaurukan da ya shafe mu kai tsaye, shi ne dalilin wannan rubutu. Bayan teburan Napoleon da na Yaƙin Duniya na Biyu, da na dodanni irin su Warhammer, akwai teburan da suke kira na yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. A nan za ka ga Zulu da mashinsu, da Ansar na Mahadin Sudan da fararen jibbunansu, suna fuskantar sahun Turawa. Watau Afirka ce a kan tebur, kuma mafi yawan dokokin da ake motsa ta da su an rubuta su ne a Ingila da Amurka.

Mu duba dokokin. Shahararre a cikinsu shi ne The Sword and the Flame, wanda Ba'amurke Larry Brom ya fitar a 1979. Ana juya karta: in ja ta fito sojan Ingila ya motsa, in baƙa ta fito 'yan ƙasa su motsa. Jadawalin harbi da na ƙarfin zuciya an raba su bisa al'umma, Bature da layinsa, Zulu da nasa, Ansar da nasu. Wani littafin na 2016, The Men Who Would Be Kings, ya kasa mayaƙa gida uku, horarru da marasa cikakken horo da 'yan ƙabila, har ya tanadi wani tsari wanda mai wasa zai riƙe ɓangaren Turawa shi kaɗai, 'yan ƙasa kuwa ɗan ludo ne zai faɗi inda za su ɓullo da abin da za su yi. Ba mu ce marubutan mugaye ba ne. Da yawa daga masu wannan wasa sun karanta tarihin Zulu fiye da yadda mu muka karanta, kuma suna yi wa mayaƙan Afirka fenti da kulawar da ba a yi wa abin da aka rena. Sai dai kowane lamba a cikin jadawali ra'ayi ne game da tarihi, kuma ra'ayin da ya shiga ta hanyar wasa ya fi wanda aka karanta a littafi zama a kai. Yaron da ya yi shekara biyar yana ganin 'yan ƙasa suna kwararowa ba shugaba ba dabara, zai girma da wannan hoto ko da ba wanda ya taɓa furta masa shi.

Alhali kuwa tarihi bai yarda da hoton ba. A Isandlwana, ranar 22 ga Janairu 1879, Zulu sun ɓoye babbar runduna a cikin kwari, suka kewaye sansanin Ingila, suka kashe fiye da mutum 1,300. A Adwa, cikin 1896, Menelik na Habasha ya karya Italiya. Ko a Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, inda Ansar fiye da 10,000 suka faɗi, na Kitchener kuwa ba su kai 50 ba, masana sun daɗe suna tambaya: da Khalifa Abdullahi ya kai hari cikin dare, lokacin da igwa da bindiga mai ruwa ba su ganin nesa, da yaya za ta kaya? Wannan tambaya ta shugabanci ce, kuma tebur ba zai iya gwada ta ba sai an zaunar da mutum mai tunani a kujerar Khalifa.

Akwai masu cewa abin da ya dace shi ne a ƙaurace wa wasan ɗungum, domin jinin kakanni ba abin nishaɗi ba ne. Muna girmama wannan magana, don mu ma ba mu so mu ga an mai da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a watan Yuli 1903, abin tafi da shewa. Amma ƙauracewarmu ba za ta rufe zauren Landan ba. Abin da za ta yi kawai shi ne ta bar rubutun dokoki a hannun waɗanda suka san labarin daga rahoton hafsoshin da suka yi nasara.

Ga kayan aiki kuwa a gabanmu. Akwai littafin J. P. Smaldone na 1977 kan dabarun yaƙi a Daular Sakkwato, akwai rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, akwai abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Ba sai an yi odar dalma daga waje ba. Jamusawan da suka fara abin da guntaye suka yi, mu ma katako da kwali da taswira sun ishe mu, wanda kuma ba ya son siffar mutum ya huta. Ƙungiyar ɗaliban tarihi tana iya ɗaukar Kwatarkwashi, inda a Fabrairu 1903 Wazirin Kano Ahmadu ya afka wa wani ɗan ƙaramin sahu mai kusurwa huɗu na mutum ƙasa da 50, ya rasa ransa. Da zarar an fara rubuta dokokin za a ci karo da abin da littattafan makaranta suke tsallakewa: sojojin da ke cikin sahun nan ba Turawa ba ne sai hafsoshinsu, galibin rundunar Hausawa ne da Yarbawa. Wane layi za a ba su a jadawalin ƙarfin zuciya, na Bature ko na ɗan ƙasa? Inci nawa dokin da ke ɗauke da lifidi zai yi kafin harsashi ya tare shi? Kuma wace doka ce za ta bayyana yadda 'yan baka a ƙasa suka kori barade masu lifidi a Tafkin Kwatto cikin 1804, in har an ɗauka cewa mai doki kullum shi ke da rinjaye?

Waɗannan tambayoyi za su kai mu ɗakin karatu, za su kuma jawo gardama mai zafi, musamman da yake jikokin waɗanda suka tsaya a ɓangarorin biyu suna kwana ɗaki ɗaya a makarantunmu. Muna ba da shawara a nemi malami ɗaya daga sashen tarihi ya zama alƙali, a kuma yi ƙuri'a kafin kowane zama don a san wanda zai riƙe kujerar Waziri.