Turmin atamfa ba ya dafa tuwo

Iyayena da 'yan'uwana mata na Dauran, Zurmi, Ƙaura da Shinkafi.

Kun ji masu cewa wai mu mata ne ke almubazzaranci da icce da gawayi? A tambaye su, wa ya taɓa durƙusawa gaban murhu yana hura ɗanyen icce har idonsa ya kaɗa? Tun da anka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya hau, icce da gawayi sunka bi shi. Masu gas da yawa sun jingine tukunyarsu sun koma murhu.

Kuma a yankinmu icce ba tsada kaɗai gare shi ba. Kowace uwa ta san halin da zuciyarta ke shiga in ɗanta ya nufi daji neman icce, ga 'yan bindiga. Ga hayaƙi kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 duk shekara.

Tsimi dai mun iya, kuma mu ƙara. Ki jiƙa wake tun dare. Ki rufe tukunya da murfi. In ta tafasa ki zare icce, mai gas ta rage wuta, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi. Ki liƙe tsakanin duwatsun murhu da laka, ki bar ƙofar icce da mafitar hayaƙi, kada iska ta kwashe wutar.

Amma fa tsiminmu kaɗai ba ya isa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin girki mai tsafta na ƙasa. Wa ta gan shi a madafinta? Murhu mai tsimin icce akwai shi, maƙeranmu ma za su iya ƙera shi in an koya masu.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ko namu ne, kada a tarbe shi da guɗa kawai. Ku tambaye shi: murhu nawa, mazaɓa nawa, yaushe? Atamfa da sabulu sun ishe mu. Mu ne ke cika layi ran zaɓe.

A tura wa kowace mamba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.