Notin Taya Ma Yana Da Awonsa

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, yau mun ɗan kauce daga farashin shinkafa da riɗi zuwa ga motar da ke ɗaukar su. Mu mutanen awo ne. A kasuwar Haɗeja ba mai karɓar buhu sai ya ga mudu ko sikeli. Amma motar da muka yi wa lodin tattasai ko busasshen kifi na dubban ɗaruruwa, sai mu bar yaron mai faci ya ɗaure mata taya da ka, muna tsaye muna kallo.

Kowa ya san yadda ake yi. A kawo wili sifana, a zura mata dogon bututu, yaro ya hau ya yi ta tsalle har noti ya yi ƙara, a ce ya ɗauru. To, ga lissafi. Masu ƙera mota suna auna ƙarfin ɗaurin da wani ma'auni, Nm ake rubuta shi. Corolla tana son 103, Golf 110 zuwa 120, babbar tirela mai noti goma kuwa wajen 600. Yaro mai nauyin kilo 60 in ya taka ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya ba noti kusan 590 ke nan, tun bai yi tsalle ba. Wato ɗaurin tirela aka yi wa Golf, ninki biyar. Ƙarfen da notin ke hawa yana miƙewa kamar roba, in an wuce iyaka ba ya komawa. Haƙorinsa ya ci, ya tsage daga ciki inda ido ba ya gani, ran da aka faɗa rami da lodi sai ya karye. Ɗaya in ya tafi, sauran su ɗauki nauyinsa, su ma su bi shi.

Sakin ɗauri shi ma haka, kuma a nan ne ƙasarmu ta fadama take da nata sharrin. Motar da ta shiga Auyo ko Guri ko Kirikasamma ɗauko kaya da damina, laka take kwasowa. Masu tuna ambaliyar 2022 sun san irin hanyoyin da aka bi. In aka canza taya ba a kankare laka da tsatsa a fuskar wili ba, noti zai ɗauru a kan laka. Tana bushewa ta marmashe, ɗaurin ya saki, ramukan wili su fara faɗi. In kun ga jan tsatsa ya yi layi daga gindin noti, ko kuna jin ƙwas-ƙwas in an rage gudu, kada a ɗora buhu ko ɗaya sai an duba.

Gyaran ba tsada. A goge fuskar wili, a sa kowane noti da hannu tukuna, a ɗaure ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, a sauke mota daga jak sannan a ƙarasa. Kada a shafa baƙin mai a haƙori, don mai yana sa ɗauri ya zarce ba a sani ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su. Mai zuwa Kano yana iya tsayawa Gujungu ya yi wannan kafin shayinsa ya huce. Af, masu tsohuwar Canter, a lura, notin gefen hagu na wasunsu hagu yake ɗauruwa, akan ga harafin L a jikinsa.

Direbobi za su ce shekara ashirin suna haka ba abin da ya faru. Mun ji. Amma in taya ta fita a hanyar Maigatari ranar Alhamis da shanu a baya, ko kifi ya kwana a rana a hanyar Nguru, asarar ta mai kaya ce, dillalin da ya samo motar kuma shi za a kira gaban sarkin kasuwa, in ma an tsira da rai.

Ra'ayinmu shi ne ƙungiyar 'yan kasuwa da shugabannin tasha su haɗa kuɗi su sayi sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai, ƙarama ɗaya babba ɗaya, a ajiye wurin ɗan kamasho tare da takardar awon kowace mota. Dillali kuma kada ya biya kuɗin lodi sai an bi notin a gabansa.