Ƙaddara Ba Ta Hana Wa'azi

Mazauna Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko sun saba jin masu wa'azin Kirista cikin motocin haya. Wasu kan tambaya, idan Allah ya riga ya zaɓi masu tsira, ina amfanin ɗaga murya?

Gardamar tsohuwa ce. John Calvin na birnin Jeniba ya koyar cewa zaɓin na Allah ne tun fil'azal. Almajiran Arminius suka ce mutum yana iya karɓa, yana iya ƙi. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya goyi bayan koyarwar Calvin. Duk da haka William Carey, mabiyin wannan koyarwa, ya bar Ingila zuwa Indiya a 1793 domin wa'azi, can ya rasu a 1834.

Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya ƙaddara girbi shi ya ƙaddara shuka. Mai wa'azi bai san zaɓaɓɓu ba, saboda haka wajibinsa ya kira kowa, mai sauraro kuma alhakin amsarsa yana wuyansa. Malaman Sunna ma sun ƙi ra'ayin Jabariyya, masu cewa bawa ba shi da zaɓi. Duk wanda ya jingina lalacinsa ga ƙaddara, kansa ya cuta.