Kada A Yanke Wa Harafi Ƙugiya Don Gudun Kuskuren Na'ura

Ɗalibi ya rubuta “baƙi” a akwatin binciken wani ƙamus na intanet, sai amsa ta fito cewa babu wannan kalma. Ya cire ƙugiyar ya rubuta “baki”, nan take aka ba shi ma'ana, amma ta wata kalma dabam. Daga nan ya ɗauki darasi mara kyau, wato wai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su dace da kwamfuta ba.

Haruffan ba su da laifi. Irin wannan bincike yana aika kalma zuwa uwar garke a ɓoye, ba tare da an sake buɗe shafin ba. Wannan dabara ce aka laƙaba wa suna AJAX a shekarar 2005. A kan hanyar zuwa da dawowa ne harafi ke lalacewa. Tsarin ASCII na farko yana da gurabe 128 kawai, kuma babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. A tsarin UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, ƙ tana tafiya a matsayin lambobi biyu, C6 da 99. Idan mai karɓa ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ƙ ta rikiɗe ta zama Æ™, kalmar kuma ta ɓace.

Maganin sananne ne. Mai tsara manhaja ya bi da kalmar ta encodeURIComponent kafin aikawa, ƙ ta koma %C6%99, ya guji tsohuwar hanyar escape. Sannan ya tabbatar shafi da uwar garke da rumbun bayanai duka suna kan UTF-8. Ya kuma tuna cewa abin da Nijar ke rubutawa “ƴaƴa”, Nijeriya na rubuta shi “'ya'ya”, don haka bincike nagari ya kamata ya gane duka biyun.

Akwai masu cewa mai karatu zai gane ma'ana daga jumla ko babu ƙugiya. Wanda ya tashi da harshen zai iya. Mai koyo a Kumasi ko Garwa kuwa, wanda yawancin Hausarsa daga rubutu yake ɗaukarta, ba shi da abin da zai raba masa “kafa” da “ƙafa” sai wannan lanƙwasa. Idan an yanke ta, a bakinsa kuskuren zai zauna.

Saboda haka ɗalibin da ya ga Æ™ ya riƙe rubutunsa daidai, ya kai ƙorafi ga masu manhajar. Gyaran aikinsu ne, kuma bai wuce layuka kaɗan ba.