Taurarin da Ƙura ta Lulluɓe

Duk wanda ya yi hunturu a Mandera, ko wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, ya san abin da hazo ke yi wa sama. Rana kan fito ba ƙarfi, har mutum ya iya haɗa ido da ita, da dare kuwa ko Kaza da 'ya'yanta sai an ƙura ido kafin a gano su. A can sararin samaniya akwai manyan gungun taurari da ke cikin irin wannan hali, sai dai nasu hazon ba ya wucewa da shigowar bazara.

Mafi shahara cikinsu shi ne Arp 220, wanda haskensa ke ɗaukar kimanin shekara miliyan 250 kafin ya iso gare mu. Gungu biyu ne suka yi karo suka cakuɗe. Karon ya matse iskar gas da ƙura a tsakiya, sai sababbin taurari suka riƙa haihuwa da saurin da ya ninka na gungun da ranarmu ke ciki fiye da sau ɗari. Ƙurar ta shanye haskensu, ta ɗan yi ɗumi, ta mayar da shi waje a matsayin hasken infirared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Na ce ɗumi, amma sanyin yawancinta ya wuce digiri 200 ƙasa da daskarar ruwa. Duk da haka ƙarfin da Arp 220 ke fitarwa ya haura na rana tiriliyan ɗaya, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa ta wannan ɓoyayyiyar hanya yake fita. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa haka ƙura ta juya shi.

Ba a san girman lamarin ba sai da Amurka da Ingila da Holan suka harba tauraron ɗan Adam IRAS, mai hango hasken infirared, a watan Janairun 1983, lokacin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara aiki a matsayin malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato, yana shugabancin ƙasa. Wata goma IRAS ya yi yana aiki. Yanzu madubin James Webb, da aka harba a Disambar 2021, shi ke leƙa cikin ƙurar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗan sakandarenmu zai gama makaranta bai taɓa jin wannan ba, alhali tushen ilimin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sannan ya matsar da shi gaba da ja, inda babu abin da ido ke gani. Ma'aunin ya ƙara hawa. Wannan gwaji malami zai iya yin sa a bakin tagar aji. Akwai ma wanda ya fi shi sauƙi: a ɗauki rimot ɗin talabijin, a saita bakinsa ga kyamarar waya, a danna. A yawancin wayoyi za a ga ɗigon haske yana ƙiftawa a fuskar wayar, ido kuwa bai ga komai ba.

Kuma ba baƙi muke ga kallon sama ba. Dattawanmu na lissafin damina da taurarin Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, ƙasar nan kuma Sakkwato take saurare kan ganin wata kafin ta ɗauki azumi. Yaron da ya tashi cikin wannan ba zai sha wahalar karɓar sauran bayanin ba.

Don haka ina kira ga hukumomin ilimi na jihar Sakkwato da sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa hannu, su sama wa kowace sakandare a Boɗinga da Shagari gilashin raba haske da ma'aunin zafi, su horar da malaman da za su yi darasin cikin Hausa, kafin hunturu mai zuwa.