Azumi ba ya makantarwa, ajiye magani ne ke makantarwa

Jama'a, tunda azumi ya ƙarato, akwai wata magana da ya kamata mu yi ta a gida da masallaci, ba a asibiti kaɗai ba: maganin ɗigawa a ido.

Duk shekara, da an ga wata, mutane da yawa masu hawan jinin ido sai su ajiye kwalbar maganinsu, wai sai bayan Sallah. Likitocin ido sun yi bincike a kan wannan a ƙasashe daban-daban, kuma abin da ake ta gani shi ne, azumin kansa ba ya wani cutar da lafiyayyen ido. Abin da ke cutarwa shi ne tsallake magani. Shi hawan jinin ido a hankali yake cin jijiyar gani, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ya ci ke nan. Babu aikin da ke dawo da shi.

Mu duba halin da muke ciki. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ta fi komai makantar da mutane, sai hawan jinin ido ya biyo baya, kuma mafi yawan makantar nan ana iya kauce mata ko a magance ta.

To ina hukuncin addini? Ni ba malami ba ne, amma sanannen abu ne cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi, matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba. Na san a Malikiyya ana tsanantawa idan ya kai maƙogwaro, kuma damuwar iyayenmu ke nan. Amma akwai dabara: bayan ka ɗiga, ka rufe ido, ka danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa kamar minti biyu. Ta nan ne hanyar hawaye ke gangarawa hanci. Likitoci ma suna koyar da haka don maganin ya zauna inda ake buƙatarsa. Ban da haka, wasu magungunan sau ɗaya ake sa su, da dare. Na sau biyu kuwa, likita zai iya tsara maka shi lokacin sahur da bayan shan ruwa.

Sai batun yana. Har yanzu ana cewa a bari sai ta nuna, ko sai bayan azumi, ko sai bayan girbi, har tsoho ya koma sai an ja masa sanda. Alhali aikin yawanci ba ya kai awa guda, idon kawai ake kashewa, a cire ƙwayar da ta yi hazo a sa ta roba. Wanda za a yi wa aiki dab da azumi ya faɗa wa likita tun farko, domin bayan aiki ana ɗiga magani sau da yawa a rana, kuma ba a wasa da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tura yana da tsinke a ƙauyuka. Wancan binciken ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma akasarinsu ba su tsira daga makanta ba. Mutane ba don wauta suke zuwa can ba. Asibiti ya yi nisa, kuɗi babu. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba za ta ɗauke Arewa duka ba. Dole jihohi su kai aikin yana manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ya zama aikin kullum, ba sai ɗan siyasa ya shirya gangami ba.

Roƙona ga malamanmu: a wajen tafsiri, a ware minti biyar a yi wannan bayani. Ku kuma 'yan'uwa, ku leƙa ɗakin Baba da Inna ku ga ko kwalbar tana raguwa. In ba ta raguwa, a koma wajen likita kafin a ga wata.

Allah Ya kai mu Ramadan lafiya, Ya bar mu da ganinmu.