Daga Konga zuwa Temu: Ina araha ke tafiya idan babban kamfani ya saye shafin sayayya?

Duk mai riƙe da babbar waya a Sabon Garin Jega ya saba da irin tallar nan. Yana cikin kallon bidiyo a Facebook ko TikTok, sai hoton agogo ko takalmi ya faɗo masa, an rubuta cewa an karya farashi, kuma garaɓasar za ta ƙare nan da 'yan sa'o'i.

Tallace-tallacen sun ƙaru tun da manhajar Temu, mallakin kamfanin PDD Holdings na ƙasar Sin, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da matan aure masu sana'a a cikin gida, da masu shagunan waya a bakin titi, kowa na lissafin abin da wannan araha za ta jawo masa, riba ko asara.

Sai dai ba yau aka fara ba. Najeriya ta taɓa ganin zamanin shafukan araha, ta kuma ga yadda manyan kamfanoni suka saye su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya biyo bayan cinikin shi ne ya fi shafar mutanen garuruwan da ke nesa da Legas.

Cinikin da ya girgiza kasuwar intanet

A watan Fabrairun 2018 aka sanar cewa rukunin kamfanonin Zinox, na attajiri Leo Stan Ekeh, ya saye shafin Konga daga hannun masu zuba jarinsa biyu, wato Naspers na Afirka ta Kudu da Kinnevik na ƙasar Suwidin.

Ga wanda sunan Zinox bai yi masa ƙara a kunne ba, shi ne kamfanin da ya samu kaso mafi tsoka na kwangilar na'urorin rajistar masu zaɓe a 2010, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar hukumar INEC. Cikin na'urori 132,000 da aka yi oda, 80,000 shi aka ba. Wato kamfani ne da ya yi ƙarfi a harkar haɗa kwamfutoci da rarraba kayan lantarki tun kafin ya waiwayi kasuwar intanet.

Shi kuwa Konga, Sim Shagaya ne ya kafa shi a 2012, shekarar da aka kafa Jumia. Shekaru da dama su biyun suna fafatawa, kowa na karya farashi, musamman a garaɓasar watan Nuwamba da Konga ya raɗa wa suna Yakata.

Ba a bayyana kuɗin cinikin a hukumance ba, amma rahotanni a lokacin sun ambaci kimanin dala miliyan 10. Wannan adadi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce, domin jarin da aka zuba a kamfanin tun kafuwarsa ya haura dala miliyan 70.

Ra'ayi ya rabu gida uku

Ɓangare na farko murna ya yi. A ganinsu, kamfanin ɗan ƙasa ya karɓi ragama daga hannun Turawa, kuma wanda ya san halin kasuwar Najeriya zai fi iya tafiyar da ita.

Ɓangare na biyu, galibi masu sharhi kan harkar fasaha, sun ɗauki cinikin a matsayin gwanjo. Hujjarsu ita ce masu jari ba sa sakin kamfani a ƙasa da abin da suka zuba sai sun fitar da rai. Suna kuma tuna wani rahoton Kinnevik na 2016 da ya nuna cewa masu sayayya a kai a kai a Konga ba su wuce 184,000 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 180 a lokacin.

Ɓangare na uku su ne ƙananan 'yan kasuwa da ke baje kolinsu a shafin. Damuwarsu ta fi ta kowa ma'ana: mai kasuwar yanzu shi ma ɗan kasuwa ne, yana sayar da waya da kwamfuta kamar su. Idan mai rumfa shi ne kuma sarkin kasuwa, kayan wa za a ajiye a bakin ƙofa?

Cikin 'yan watanni aka haɗe Konga da Yudala, kamfanin sayar da kaya na ɗan Ekeh, wato Prince Nnamdi Ekeh, aka ci gaba da amfani da sunan Konga daga watan Mayun 2018. Tun daga nan salon kamfanin ya sauya, ya ƙara karkata ga buɗe shaguna na zahiri a manyan birane tare da shafin intanet. Kamfanin dai bai mutu ba, abin da wasu suka yi hasashe ke nan, kuma wannan maki ne ga masu ra'ayin farko.

Ba kowane shafi ne ya yi wannan sa'ar ba. DealDey, shafin rangwame da shi ma Shagaya ya kafa a 2011, ya koma hannun wani rukuni da kamfanin Ringier na Suwizalan ke ciki a 2016. Zuwa ƙarshen 2018 an rufe shi. OLX, inda mutane ke tallata kayan hannu kyauta, ya rufe ofishinsa na Najeriya a 2018, a 2019 kuma abokin hamayyarsa Jiji ya karɓe harkokinsa.

Haka abin yake a ƙasashen waje

A 2010 kamfanin Amazon na Amurka ya saye wani shafi mai suna Woot kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 110. Abin da ya fito da Woot shi ne kaya ɗaya tak yake sayarwa a rana, a farashi mai rahusa, in ya ƙare shi ke nan sai gobe. Masoyansa sun nuna fargabar cewa zai rasa wannan armashi. Bayan shekara biyu wanda ya kafa shi, Matt Rutledge, ya bar kamfanin, daga baya ya buɗe wani shafin mai irin tsohon salon. Woot na nan har yau, amma ya zama kanti mai tarin kaya a ƙarƙashin Amazon.

A ƙarshen wannan shekarar ta 2010 Google ya taya shafin Groupon a kan kusan dala biliyan 6, masu shi suka ce albarka. Sun shiga kasuwar hannun jari a 2011, ba a jima ba darajar kamfanin ta ruguzo.

Darasin iri ɗaya ne a ko'ina: shafin araha kan yi wuyar tsayawa da ƙafarsa. Ko dai a saye shi, ko ya sauya hali, ko ya rufe.

Wa ke biyan kuɗin araha?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan shafi ya sayar da waya ƙasa da yadda ake samunta a Farm Centre ta Kano, ya kuma kawo ta kyauta, to akwai wanda ya cike giɓin. A shekarun farko, masu zuba jari ne ke cikewa. Suna jure asara ne don a tara jama'a, da fatan watarana riba za ta zo.

Shi kuwa kamfanin da ya zo saye, ba asarar ya zo gada ba. Abin da yake so shi ne sunan da jama'a suka sani, da jerin masu sayayya da lambobin wayarsu, da rumbunan ajiya, da motocin kai kaya, da lasisin hada-hadar kuɗi. A cinikin Konga, Zinox ya haɗa har da KongaPay da sashen kai kaya na kamfanin.

Da zarar ciniki ya faɗa, sai a zauna lissafi. Wace hanya ce ke cin kuɗi ba ta mayarwa? A nan ne garuruwa irin su Jega, Aliero da Maiyama ke shiga cikin lissafin, kuma ba ta ɓangaren riba ba.

Kunshin kaya da ya taso daga Legas sai ya ratsa Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri da Koko kafin ya iso Maiyama, sannan Jega. Tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita a kan hanyar da direbobi suka daɗe suna kuka da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin wannan tafiya ya ƙara hawa. A Legas ɗan aike ɗaya kan raba kaya masu yawa a unguwa guda. A nan kuwa, yana iya yin doguwar tafiya saboda kunshi ɗaya, ya isa kuma ya tarar adireshin bai wuce "bayan masallacin Juma'a" ba.

Batun "sai na gani zan biya"

Abin da ya fi komai muhimmanci ga mai saye a Arewa shi ne tsarin biya bayan an kawo kaya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wanda ya saba ya juya atamfa a hannu, ya kunna waya ya ji ƙararta kafin ya zaro kuɗi, da wuya ya tura dubbai ga wanda bai sani ba.

Amma tsarin na da tsada da haɗari ga kamfani. Wani ya yi oda, a kawo, ya ce ya fasa. A watan Maris na 2017 an kashe wani ɗan aiken da ke kai kayan Jumia a Fatakwal, lamarin da ya sa aka sake duba tsarin baki ɗaya. A ƙarshen wannan shekarar Konga ya dakatar da shi, ya kuma sallami fiye da rabin ma'aikatansa, 'yan watanni kafin a sayar da shi. Da sabbin masu kamfanin suka dawo da tsarin, daga Legas suka fara.

Wannan ya nuna yadda abin ke tafiya. In za a rage hidima, daga nesa ake fara yankewa. In za a dawo da ita, daga kusa ake farawa.

Ba a ce duk kamfanoni sun juya wa ƙananan garuruwa baya ba. Jumia, tun bayan da Francis Dufay ya karɓi shugabancinsa a ƙarshen 2022, ya mayar da hankali ga wuraren karɓar kaya a garuruwan da ke wajen manyan birane. Amma kamfanin nan dai ya rufe sashensa na kai abinci a ƙarshen 2023, ya kuma fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024. Inda lissafi bai fita ba, ba ya zama.

Abin da Jega ke da shi

Ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Jega ta yi suna ne da kasuwa, tana mahaɗar hanyoyin Birnin Kebbi, Sakkwato da Yawuri. Manoman albasa na Aliero sun daɗe suna loda motoci zuwa kasuwannin Kudu, ciniki ya faɗa ta waya, dillali ya tsaya a tsakani, kuɗi su shigo ta banki ko ta mai POS.

Abin da ke riƙe da wannan ciniki shi ne amana da sanayya. An san direba, an san tasharsa, an san shugabannin ƙungiyarsa. In kaya suka ɓata, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan ne abin da manyan shafuka suka kashe miliyoyin daloli suna nema ba su samu yadda suke so ba.

Shi ya sa kasuwar intanet da ta fi karɓuwa a nan ita ce ta WhatsApp. Mace na ɗakinta za ta ɗora hoton mayafi ko turaren wuta, wadda ta san ta ta yi magana, a turo yaro ya karɓa, ko a ba direba a tasha. Mai shagon waya a Sabon Gari kuma yana da abin da Temu ba shi da shi: in caja ta ƙi aiki, gobe za a dawo masa da ita, ya canza.

Duk da haka, shi ma wannan shagon na WhatsApp a filin wani aka gina shi. Facebook ya saye manhajar a 2014 kan dala biliyan 19. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da WhatsApp da Instagram da Facebook suka ɗauke na kusan sa'a shida, duk wanda kasuwarsa ke can ya rufe shago ba da son ransa ba. Ɗan kasuwar da bai adana lambobin abokan cinikinsa a wani wuri daban ba, kayan aro ya yafa.

Ina hukuma?

Lokacin cinikin Konga, Najeriya ba ta da cikakkiyar dokar hana babakere a kasuwa. Hukumar kula da hannayen jari ta SEC ce ke duba haɗewar kamfanoni. A farkon 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC, wadda yanzu ke da ikon tantance irin wannan ciniki da kuma karɓar koken masu saye. A 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, alamar cewa tana iya tunkarar manya.

Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Tana da muhimmanci a nan, domin idan aka sayar da shafi, suna da lambar waya da adireshin duk wanda ya taɓa sayayya a cikinsa na komawa hannun sabon mai shi.

Sai dai doka na aiki ne ga wanda ya san da ita. Mai sayen da aka kawo wa jabun kaya a Maiyama ya fi saurin ya ce Allah ya isa ya haƙura, a kan ya rubuta koke.

Kasuwar intanet ta Najeriya ba ta gama daidaita ba, kuma za a sake jin labarin wani babba ya haɗiye ƙarami. Ranar da aka sanar, kanun labarai za su tsaya ne a kan yawan dalolin da aka biya. Ga mai saye da mai sayarwa a Jega, tambayoyin da suka fi amfani guda huɗu ne: nawa ne kuɗin kawo kaya zuwa Jihar Kebbi yanzu, ana karɓar kuɗi bayan an kawo ko sai an fara biya, wa zai ɗauki nauyin mayar da kayan da suka lalace, kuma kashi nawa shafin zai riƙa cira daga cinikin ƙaramin ɗan kasuwa. A cinikin da suka gabata, waɗannan ne suka fara sauyawa, tun kafin a taɓa farashin da ke rubuce a jikin hoto.